LAFIYA UWAR JIKI: Rama Da Ɗaukewar Al'adar Mata

Hausawa na cewa garin neman ƙiba an samo rama. Waɗanda suka yi wannan magana sun yi ta ne a zamanin da ƙiba ita ce abin nema, rama kuwa abin gudu ce, har idan amarya ta yi wata uku a ɗakinta ba ta murje ba, sai dangi su shiga tambaya ko lafiya. Yau zamani ya juya da wani sashe na maganar, domin an sami 'yan mata da matan aure waɗanda ramar suke nema ido rufe, suna ƙaurace wa tuwo, suna shan shayin rage ƙiba, don dai a ce da su sirara. A ɗaya gefen kuma ga waɗanda ramar ta iske su har gida ba da gayyata ba, saboda tsadar hatsi. Unguwar Arawa da ke cikin garin Gombe, kamar sauran manyan unguwannin biranen Arewa, ta tara waɗannan mata iri biyu, wani lokaci ma a cikin gida ɗaya. Abin da wannan fili zai duba a makon nan shi ne wata illa da ta haɗa su duka, wadda kunya ta hana a riƙa faɗinta a sarari, watau rikicewar jinin al'ada ko ɗaukewarsa gaba ɗaya.

Kafin a shiga bayani ya kamata a san abin da likitoci ke nufi da rama, domin ido ba ma'auni ba ne. Suna da wani lissafi mai sauƙi na gwada nauyin mutum da tsawonsa. Akan auna tsawo da mita, a ninka shi da kansa, sa'an nan a raba nauyin mutum na kilo da abin da aka samu. Idan amsar ta kasa 18.5 to mutum ya rame, idan ta kai 25 ya soma wuce kima, idan kuwa ta kai 30 to ƙiba ta zama cuta. Alal misali, macen da tsawonta ya kai mita 1.6, nauyin da ya dace da ita yana tsakanin kilo 47 da rabi da kilo 64. Babban binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a shekarar 2018 ya nuna cewa a cikin matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49, kashi 12 cikin ɗari ramammu ne, kashi 28 sun wuce kima, kashi 58 kuma suna fama da ƙarancin jini. Sashen Arewa maso Gabas, inda Jihar Gombe take, shi ya fi kowane sashe na ƙasar nan yawan ramammun mata.

YADDA ABIN YAKE FARUWA

Jama'a da yawa sun ɗauka cewa al'ada aikin mahaifa ce ita kaɗai. Gaskiyar magana ita ce daga ƙwaƙwalwa umarni yake fitowa. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe wanda yake sakin wani sinadari kaɗan-kaɗan, misalin kowace awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kamar bugun agogo. Wannan sinadari shi yake tayar da wani ƙulli da ke ƙarƙashinsa, wanda girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, shi kuma ya aika da saƙo ta cikin jini zuwa ga ma'ajiyar ƙwai guda biyu da ke gefen mahaifa. Su ne suke nunar da ƙwai, suna kuma fitar da sinadarin mata da ake kira isturojin, wanda yake shimfiɗa wa mahaifa shimfiɗar karɓar ciki. Idan ciki bai shiga ba sai shimfiɗar ta zube, wannan shi ne jinin da ake gani. A wurin mace mai lafiya yakan zagayo tsakanin kwana 21 da kwana 35, ya kuma yi kwana 2 zuwa 7 yana zuba.

To, ɗan sashen nan na ƙwaƙwalwa ma'aji ne mai tsananin lissafi. Kullum yana duba abin da ya shiga rumbu da abin da ya fita. Ɗaukar ciki har zuwa haihuwa yana cin ƙarfin abinci na kimanin kalori dubu 80, kalori kuwa shi ne mudun da ake auna ƙarfin da abinci ke ba jiki. Shayarwa kuma tana buƙatar ƙarin kalori kamar 500 kowace rana. Saboda haka idan ma'ajin ya ga abinci bai isa ba, sai ya yi abin da kowane maigida mai hankali zai yi a shekarar fari: ya rufe ƙofar da za a iya rayuwa ba tare da ita ba, don ya tsirar da zuciya da numfashi da ƙwaƙwalwa. Bugun agogon nan sai ya ragu, ƙwai ya daina nuna, al'ada ta soma tsallake wata, daga nan ta ɗauke. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Tarihi ya tabbatar da haka tun kafin masana su gano dalili. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawa ke kira Yaƙin Hitila, sojojin Jamus sun toshe hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar Holan a hunturun 1944 zuwa 1945. Rabon abincin mutum ɗaya ya faɗi ƙasa da kalori 1,000 a rana, alhali baligar mace tana buƙatar kamar 2,000. Kimanin rabin matan da ke shekarun haihuwa a garuruwan da abin ya shafa al'adarsu ta ɗauke, kuma bayan wata tara aka ga haihuwa ta ragu ƙwarai. Da aka buɗe hanya abinci ya wadata, sai al'adar ta komo, haihuwa ma ta komo. Babu wani magani da aka ba su in ban da abinci.

A shekarar 1974 wata masaniya ta Jami'ar Harvard a Amurka, Rose Frisch, tare da abokiyar aikinta Janet McArthur, suka bayyana cewa yarinya tana buƙatar kitse ya kai misalin kashi 17 cikin ɗari na nauyinta kafin ta fara al'ada, kuma misalin kashi 22 kafin al'adar ta zauna daidai wata-wata. Masanan da suka biyo baya sun nuna cewa waɗannan adadi ba su hau kan kowace mace daidai ba, amma tushen maganar ya tabbata. A shekarar 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano wani sinadari mai suna leftin, wanda kitsen jiki ne yake fitar da shi, kuma shi ne manzon da ke shaida wa ƙwaƙwalwa yawan abin da ke cikin rumbu. Sa'an nan a 2003 Anne Loucks ta Jami'ar Ohio ta nuna cewa idan abin da ya rage wa jiki, bayan an cire ƙarfin da motsa jiki ya cinye, ya kasa kalori 30 a kan kowane kilo na tsoka da ƙashi, to cikin kwana biyar kacal bugun agogon nan yake rikicewa. Ma'anar wannan ita ce, ba lalle sai mace ta zama ƙashi da rai ba. Wadda take aiki mai nauyi tana cin abinci kaɗan, ko da ido bai ga ramarta ba, al'adarta na iya ɗaukewa. Shi ya sa abin ya yi yawa a cikin mata masu wasan tsere, har Kwamitin Wasannin Olamfik na Duniya ya fitar da gargaɗi a kansa a shekarar 2014.

RAMAR DOLE DA RAMAR GANIN DAMA

In aka komo gida, ramar dole ita ce ta fi yawa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 farashin abinci ya yi tashin gwauron zabi, har a tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawarsa ta haura kashi 40 cikin ɗari. Wanda ya san kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ya ga yadda mudun gero da na wake suka gagari talaka a wannan lokaci. Idan abinci ya yi kaɗan a gidan Bahaushe kuwa, sananne ne wanda yake fara haƙura. Akan ɗebi na maigida tukuna, a zuba wa yara, uwargida ta ci ƙanzo ta sha ruwa ta ce ta ƙoshi. Ga surfe, ga wanki, ga ɗiban ruwa, ga goyo a baya yana tsotso. Haka nan yarinya 'yar talla wadda take yini a rana da tire a kai, ba abin da ya shiga cikinta tun safe sai ɗan kokon da ta sha, alhali jikinta yana tsakiyar girma.

Ramar ganin dama kuwa baƙuwa ce, wayar hannu ce ta yi mata jagora. Gombe gari ne na makarantu, ga Jami'ar Jiha wadda aka kafa a 2004, ga kwalejoji, ga makarantun sakandare. Budurwa tana buɗe Instagram ko TikTok sai ta ga hotunan da aka gyara da na'ura, ƙugu kamar na zanzaro, ta dubi kanta a madubi ta raina halittarta. Sai ta yanke karin kumallo, ta yanke tuwon dare, ta koma rayuwa da lemon kwalba da biskit. Wata kuma biki ne ya matso, tana son ta shiga rigar da tela ya matse. Daga nan sai shayin rage ƙiba. Da yawa daga cikin irin wannan shayi ba kome ne a ciki ba illa ganyen filasko da danginsa masu sa gudawa da yawan fitsari. Abin da sikeli yake nunawa ya ragu ruwan jiki ne da gishirinsa, kuma yawan shan su yana raunana hanji, yana kuma iya rikita bugun zuciya. Jiki kuwa bai san bambanci tsakanin yunwar talauci da yunwar ado ba. Duka biyun hukunci ɗaya yake yanke musu.

ABIN DA AKE HASARA

Wata idan al'adarta ta ɗauke sai ta ji daɗi, ta ce ta huta da ciwon mara da kuɗin audugar mata. Wannan hutu bashi ne, kuma ƙashi ne zai biya. Sinadarin isturojin shi yake tsare ƙarfin ƙashin mace, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin ƙashi yana ginuwa ne kafin mace ta cika shekara 20. Budurwar da ta yi shekara ɗaya ko biyu ba ta al'ada saboda rama, jikinta ya koma kamar na dattijuwar da ta daina, a daidai lokacin da ya kamata ta riƙa ajiya. Abin da ta rasa a waɗannan shekaru ba lalle ne ya komo duka ba ko da ta murmure, kuma sakamakonsa shi ne saurin karaya da ranƙwafewar baya tun tsufa bai yi nisa ba. Ban da wannan akwai yawan jin sanyi, da zubewar gashi, da kasala, da saurin fushi, da rashin riƙe karatu, da bushewar gaba wadda ke sa zaman aure ya zama wahala.

Babbar hasara a idon jama'a ita ce ta haihuwa. Inda ƙwai bai nuna ba ciki ba ya shiga. Amarya ta shekara biyu ba ta yi ko ɓatan wata na gaskiya ba, sai gori ya soma daga dangin miji, a shiga zancen kishiya, wani lokaci har takarda ta biyo baya, alhali maganin bai wuce kilo uku ko huɗu na nauyi ba. In kuma cikin ya shiga a kan rama da ƙarancin jini, to hatsarin haihuwar bakwaini ko jariri maras nauyi ya ƙaru. Har ila yau al'amarin yana taɓa shari'a. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a kotunan Arewa, matar da aka saka alhali al'adarta ta ɗauke ba tare da sanannen dalili ba takan jira wata tara sa'an nan ta ƙara uku, watau shekara guda cur, maimakon tsarki uku. Ashe ke nan maganar da ake ganin ta cikin ɗaki ce tana iya riƙe rayuwar mace har tsawon shekara.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne fassarar da akan yi masa. Wata sai a ce mata kwantaccen ciki gare ta, ta zauna jiran ranar da zai tashi. Wata a ce iska ce ko sammu. Wata kuma a haɗa mata jiƙo mai zafi don a tsinko jinin, wanda idan aka yi rashin sa'a ciki ne na gaske, sai a jawo ɓari da zubar jini. Watanni su shuɗe ana yawo tsakanin mai magani da kemis, ba wanda ya tambaye ta abin da take ci.

Kada kuma a ɗauka cewa wannan bayani kira ne ga neman ƙiba ko ta halin ƙaƙa. Ƙibar da ta wuce kima ita ma tana rikita al'ada, domin kitse mai yawa yana hargitsa sinadaran jiki. Akwai wata cuta ta ma'ajiyar ƙwai wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kama mace 6 zuwa 13 a cikin kowace ɗari, alamominta su ne tsallaken al'ada da ƙuraje da tsirowar gashi a haɓa, kuma ƙiba tana tsananta ta. Mai irin wannan idan ta rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta sannu a hankali, sau da yawa al'adarta takan daidaita. Haka nan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda ramammu ke saye don su cika ido, wasunsu magungunan asibiti ne masu ƙarfi da ke kumbura fuska da ciki, su kawo hawan jini da ciwon sukari, su cinye ƙashi, su kuma ƙara rikita al'adar da ake son gyarawa. Lafiya tana tsakiya ne, ba ta bakin wannan gaɓa ko waccan.

ABIN YI

Ƙa'idar da likitocin mata suka ajiye mai sauƙin riƙewa ce. Macen da al'adarta ke zuwa daidai, idan ta yi wata uku ba ta gani ba, ta je asibiti. Wadda dama tata mai tsallake ce, kada ta wuce wata shida. Yarinyar da ta cika shekara 15 ba ta fara ba, ita ma a kai ta. Abu na farko da za a yi shi ne gwajin ciki, sa'an nan a auna nauyi da tsawo da jini. Wannan bincike wajibi ne domin rama tare da ɗaukewar al'ada na iya zama alamar tarin fuka, ko ƙanjamau, ko ciwon sukari, ko ciwon maƙoƙo, kuma masu amosanin jini sukan makara wajen fara al'ada. Akwai kuma ɗaukewar da ba ta da illa, kamar ta mai shayarwa a watannin farko da ta mai yin allurar tazarar haihuwa. Ma'aikacin lafiya ne zai rarrabe. Mazauna Arawa ba su da uzurin nisa, domin ana iya farawa daga ƙaramin asibitin unguwa, in abin ya fi ƙarfinsa ga Asibitin Ƙwararru na Jiha da Asibitin Koyarwa na Tarayya duk a cikin garin Gombe, kowannensu da sashen kula da mata.

Idan bincike ya nuna rama ce sanadi, to maganin yana cikin tukunya. Ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta Amurka, a jagorar da ta fitar a 2017, ta yi gargaɗin kada a ba irin wannan mace ƙwayar tazarar haihuwa don kawai a ga jini, domin jinin da ƙwayar ke kawowa rufe matsalar yake yi, ƙashi kuwa yana ci gaba da lalacewa. Abin da ake so shi ne ci sau uku a rana da ɗan abin taɓawa a tsakani, a rage aikin wahala, a sami barci. Ba a bukatar abincin gwangwani. Ƙasar Gombe ƙasar wake ce da gyaɗa da nono. Gyaɗa cikin tafin hannu biyu, misalin giram 100, tana ɗauke da kalori fiye da 550. Ga ɗanwake da mai, ga awara, ga kunun gyaɗa, ga fura da kindirmo, ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ga riɗi, ga kifin Dadin Kowa, ga ƙwai da hanta ga wanda ya sami hali. Sau da yawa sai mace ta ɗara nauyin da al'adar ta ɗauke a kansa da kamar kilo 2 kafin ta komo, kuma abin yakan ɗauki watanni, saboda haka sai da haƙuri. Matar aure ta sani cewa ƙwai yana iya nuna kafin jinin farko ya bayyana, watau ciki na iya shiga ba ta ga al'ada ba. Wadda kuwa tsoron ƙiba ya kama zuciyarta har ba ta iya cin abinci ko an ajiye mata, ko take tilasta wa kanta amai bayan ta ci, wannan cuta ce mai kisa wadda ke bukatar likita, faɗa da zagi ba sa warkar da ita.

Nauyin gyara bai rataya a wuyan mata su kaɗai ba. Maigidan da aka kawo wa akushi da tsokar nama ya kamata ya tambaya ko wadda ta dafa ta ci. Uwa ta riƙa sanin kwanakin 'yarta kamar yadda iyayen da suka sani, ta kuma sakar mata fuska yadda za ta iya faɗin abin da ke damunta. Samari da mazan da ke yi wa mata ba'a da jikinsu, yau a ce ta yi ƙiba gobe a ce ta bushe, su san cewa kalmar da suka yar a wasa tana iya hana wata cin abinci har wata guda. Shugabannin makarantun kwana na 'yan mata su dubi abin da ake zubawa a kwanon ɗalibai. Hukumar NAFDAC kuma ta ƙara sa ido a kan shayin rage ƙiba da ƙwayoyin ƙara ta, waɗanda ake tallarsu a waya ana sayarwa a kasuwa ba tare da takardar likita ba.

Jiki magayi ne, in ji masu iya magana, kuma al'ada tana cikin harsunan da jikin mace ke magana da su. Zuwanta a kan lokaci shaida ce cewa rumbu yana da hatsi, ɗaukewarta kuwa ba tare da ciki ko shayarwa ko manyanta ba ƙararrawa ce da ta cancanci a saurara. Allah ya ƙara wa mata lafiya, ya yalwata wa magidanta abin da za su ciyar da iyalinsu, amin.